Wai daga ina sha'awar jinsi ɗaya take fitowa?

Wata ƙawar mahaifiyata ce ta zo gidanmu ranar wata Asabar bayan la'asar, kuma ba wurin tsohuwa ta zo ba, wurina ta zo saboda ta san bayoloji nake koyarwa a sakandare. Ta zauna kan tabarma ta ƙi taɓa ruwan da aka kawo mata, tana ta murza bakin hijabinta, sai can ta ce a kan ɗanta ta zo, ƙanwar yaron ce ta ga wasu saƙonni a wayarsa tsakaninsa da wani namiji, irin saƙonnin da saurayi ke tura wa budurwa. Yaron shekararsa 19, ba ya wasa da sallah, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ce "ɗana ka faɗa mun gaskiya, ni ce na ɓata shi? Don tun yana ƙarami shi nake sawa wanke-wanke da tuƙin tuwo, lokacin Allah bai ba ni mace ba." Babansa ya ce makarantar kwana ce, ƙanin baban ya ce sammu ne a kai shi ruƙiyya, wani kuma ya ce waya ce da finafinan Turawa. Na ce mata Mama ki ba ni lokaci, don wallahi ban so in faɗa mata abin da zai ƙara mata ciwo kuma ya zama ba gaskiya ba.

Abin da zan kawo a nan shi ne abin da masu bincike suka gano a kan tambayar da ta yi mun, wato me ke sa zuciyar mutum ta karkata ga wani jinsi. Maganar halas da haram ta malamai ce kuma matsayinsu a bayyane yake, ba shi na zo canzawa ba. Amma dalilin abu daban hukuncinsa daban, mu kuma mun saba cakuɗa su, shi ya sa da an taɓo zancen sai hayaniya ta tashi a watse ba wanda ya ƙaru.

Abu uku ne muke tattarawa mu kira su da suna ɗaya. Akwai sha'awar da ke cikin zuciya, wadda mutum ke tsintar kansa a ciki, akwai aikin da mutum ya yi da jikinsa, akwai kuma sunan da ya kira kansa da shi ko jama'a suka laƙa masa. Ukun nan ba dole su tafi tare ba. Fursunan da ya shekara goma a gidan yari zai iya aikatawa alhali mace yake so, ranar da ya fito ya koma ga mata. Wani kuma yana da mata biyu da 'ya'ya takwas, bai taɓa aikata komai ba, amma shi kaɗai ya san abin da yake kokawa da shi tun yana yaro. Ko 'yan daudu da muke gani a bakin tasha suna soya da sayar da abinci, wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio da ya zauna da su a Kano a shekarun 1990 ya nuna cewa daudu salon magana ne da tafiya da sana'a da zama cikin mata, da yawansu suna da aure da iyali, kuma akwai masu harka, wato maza masu neman maza, da ko kusa ba su yi kama da ɗan daudu ba, da rawaninsu da gemunsu. Mu kuma kalma ɗaya ce, luwaɗi, da ita muke kiran babba da babba, da ita muke kiran ƙaton da ya yi wa yaro ɗan shekara bakwai fyaɗe, alhali na biyun nan zalunci ne a kan yaro kuma binciken masu irin wannan laifi abu ne daban, da yawansu ma matan aure gare su a gida. Masu binciken da zan ambata, yawanci na farkon suke bi, sha'awar zuciya tsakanin manya.

Su ma Turawan sun daɗe suna lalube. Sai a 1869 wani marubuci ɗan Hungari, Karl-Maria Kertbeny, ya fito da kalmar homosexual da suke amfani da ita yanzu a rubuce, daga nan likitocin ƙwaƙwalwa suka ɗauke shi a matsayin cuta, aka yi ta gwada magunguna masu ban tsoro, jona wa mutum lantarki, allurar sa amai, har Alan Turing masanin lissafin nan na Ingila da ya taimaka wajen fasa asirin saƙonnin Jamus a yaƙin duniya na biyu, kotu ta sa aka riƙa ɗura masa sinadarin mata a 1952, ya mutu a 1954. A 1957 wata mata Evelyn Hooker ta ɗauki maza 30 masu son maza da 30 masu son mata, duk waɗanda ba sa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, ta yi musu gwajin hankali ta miƙa wa ƙwararru sakamakon ba suna, suka kasa tantance wane ne wane. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi baya ranar 17 ga Mayu 1990. Gaskiya ne akwai matsin lambar 'yan gwagwarmaya a shawarar 1973, an yi zanga-zanga a tarukan likitocin, wannan ba a ɓoye yake ba, amma kuma masu cewa cuta ce sun kasa kawo hujjar da ta wuce marasa lafiyar da ke zuwa ofishinsu.

Toh mu fara da tambayar Mama, tarbiyya. Wannan zargin ma daga Turawa ya yi ƙarfi, almajiran Freud, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostiriya, ne suka yaɗa cewa uwa mai kankane ɗa da uba mai nisa da iyali su ke jawowa, wani likita Irving Bieber ya buga hakan a 1962. Matsalar ita ce duk mutanen da ya duba marasa lafiyarsu ne da suka zo neman magani. Da cibiyar Kinsey mai binciken jima'i a Amurka ta yi hira da mutum wajen 1,500 a yankin San Francisco aka buga a 1981, aka bi zancen uwa da uba da yadda aka taso ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga tasirinsu kaɗan ne ƙwarai, abin da ya fi fitowa fili shi ne yaron tun yana ƙanƙani ya bambanta da sa'o'insa wajen wasa da ɗabi'a, kuma sha'awar tana riga aikin zuwa da shekaru. Ni abin da na fahimta, sau da yawa mun juya lissafin ne. Uban da ya ga ɗansa ba ya son ƙwallo da kokawa sai ya ja baya da shi, uwa kuma ta jawo shi jiki saboda tausayi, daga baya a ce nisan uban ne ya jawo, alhali yaron ne ya zo da halinsa iyaye suka bi. Kuma a duba gidajenmu mana, yara maza nawa ne suka tashi suna wanke-wanke da talla da raino saboda babu mace a ɗakin, marayu nawa ne suka tashi ba uba sam, in da wannan ne dalili da abin ya cika gari.

Hujjar da ta fi girgiza ni a wannan ɓangaren ta fito ne daga wani kuskuren likitoci. A da, in aka haifi namiji da nakasa a gabansa ko kaciya ta lalata shi yana jariri, wasu likitocin Amurka sukan ba da shawara a yi masa tiyata a mayar da shi mace a raine shi a mace, a ganinsu tarbiyya ce komai. Sanannen cikinsu David Reimer ne ɗan Kanada da aka haifa a 1965, wanda masanin halayyar ɗan Adam John Money ya jagoranci lamarinsa. An sa masa sunan mace, an sa masa kayan mata, an ɓoye masa gaskiya, duk da haka ya ƙi, ya koma namiji yana ɗan shekara 14 ya kuma auri mace daga baya. Da Michael Bailey da abokan aikinsa suka tattara irin waɗannan a 2016, guda bakwai da aka san inda sha'awarsu ta karkata, duka bakwai ɗin mata suke so. Ka ga an yi iyakar abin da tarbiyya za ta iya yi, har da wuƙar tiyata, ba a iya sa namiji ya so namiji ba. To ina ga tuƙin tuwo.

Sai gado. Nan tagwaye ne ma'auni, don Hassan da Hussainin da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan DNA ɗinsu, wato ƙwayoyin gadonsu, ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa kamar wa da ƙani suke. A 1991 Bailey da Richard Pillard suka samu cewa in ɗaya cikin 'yan ƙwai ɗaya yana son maza, kashi 52 cikin ɗari ɗan'uwan ma haka yake, 'yan ƙwai biyu kashi 22, ɗan riƙo kashi 11. Sai dai ta talla a jaridu suka nemo mutanen, kuma wanda ya san ɗan'uwansa irinsa ne ya fi saurin amsawa, don haka adadin ya kumbura. Da aka yi a Swidin da rajistar tagwayen ƙasar gaba ɗaya, haihuwar tagwaye 3,826, sai gado ya tsaya a kashi 34 zuwa 39 ga maza, kashi 18 zuwa 19 ga mata. Abin lura a nan guda biyu ne kuma kowane ɓangare ɗaya yake ɗauka ya bar ɗaya. Gado yana da hannu, wannan ya tabbata. Amma a mafi yawan lokuta tagwayen ƙwai ɗaya ba sa dacewa, ɗaya haka ɗaya haka, kenan gado shi kaɗai bai isa ba. Kaso mafi girma, wajen kashi 60 da wani abu, ya tafi ga abin da suke kira muhallin da mutum bai haɗa da ɗan'uwansa ba, kuma a nan mutane ke zamewa, da sun ji muhalli sai su ce ai ga shi nan, abokai ne da tarbiyya. A lissafin masana gado, muhalli yana nufin duk abin da ba DNA ba, har da abin da ya faru a cikin mahaifa, wane ya fi samun jini daga mabiyiya, wane sinadari ya fi isa ga wane, da sauran bambancin da ke faruwa wajen ginuwar ƙwaƙwalwa. Gidan da suka tashi tare, iyaye ɗaya tukunya ɗaya, a wannan binciken na Swidin kusan sifili ya ci ga maza.

A 1993 Dean Hamer ya tayar da ƙura da ya ce ya ga wani yanki a kromosom X, wanda namiji ke gada daga uwa, ana kiransa Xq28, ya duba wa da ƙani masu son maza biyu-biyu har 40, a 33 daga ciki sun yi tarayya a wurin. Jaridu suka ce an gano ƙwayar gadon luwaɗi. A 1999 wasu a Kanada suka maimaita ba su samu ba. Babban aikin da ya zo ya daidaita zancen shi ne na 2019 da Andrea Ganna ya jagoranta, aka duba DNA na mutum 477,522 daga rumbun UK Biobank na Birtaniya da kamfanin 23andMe. Wurare biyar a cikin DNA ɗin suka fito, ɗaya yana da alaƙa da jin ƙamshi ɗaya da sanƙon maza, amma biyar ɗin a haɗe ko kashi ɗaya ba su bayyana ba, in aka tara dubban ƙananan bambance-bambance gaba ɗaya sai su kai kashi 8 zuwa 25. Kenan babu wata ƙwaya ɗaya, kuma babu gwajin jinin da za a yi wa jariri ko saurayi a ce ga inda zai karkata, duk wanda ya ce maka yana da irin wannan gwajin kuɗinka yake so. Kamar tsawo ne, dubban ƙwayoyi kowace da ɗan ƙaramin tasirinta. Shi ma binciken yana da rauninsa, kusan duk Turawa ne a ciki, kuma tambayar da aka yi musu ita ce ko sun taɓa kwanciya da jinsinsu ko sau ɗaya, wato aiki aka auna, wanda muka ce ba dole ya zama sha'awa ba.

Inda hujja ta fi taruwa a ganina shi ne watanni taran nan na ciki. Ɗan tayi namiji yana fara fitar da sinadarin testosteron tun wajen wata na biyu zuwa na uku, shi ke gina gabansa, kuma yana taɓa ginin ƙwaƙwalwa. Akwai wata lalura da ake kira CAH inda jikin 'ya mace ke fitar da sinadarin maza da yawa tun tana ciki, irin waɗannan matan an bi su an ga sun fi sauran mata yawan sha'awar mata, kuma gwargwadon tsananin lalurar gwargwadon yawan, duk da cewa mafi yawansu maza suke so. Amma a kula, maganar cikin mahaifa ake, babba mai son maza in ka auna jininsa testosteron ɗinsa daidai yake da na kowa, shi ya sa da likitocin da suka gwada ƙara musu sinadarin, sha'awar ce ta ƙaru alƙiblarta ba ta juya ba. Masu sayen maganin ƙarfin maza su ɗura wa yaro da sunan gyara, su ji wannan.

Sai wani abin mamaki da Ray Blanchard na Toronto ya daɗe yana bi tun shekarun 1990, kuma an maimaita shi a ƙasashe da dama har da wani bincike a Holan da ya duba bayanan mutum sama da miliyan 9. Duk yaya namiji ɗaya da ya riga yaro fitowa yana ƙara yiwuwar yaron ya so maza da wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da take. Da farko an ɗauka zaman gida ne, ƙila yayyen ne ke danne ƙanin, sai Anthony Bogaert ya nuna a 2006 cewa yayyen riƙo da agololin da aka tashi tare ba sa ƙara komai, amma yayan jini yana ƙarawa ko da ba a taɓa zama gida ɗaya ba. Kenan mahaifa ce ke riƙe lissafin. Bayanin da suke bayarwa shi ne jikin uwa yana ganin wasu sinadaran ɗa namiji a matsayin baƙo tunda ita ba ta da kromosom Y, sai garkuwar jikinta ta ɗan yi martani, martanin yana ƙaruwa daga ciki zuwa ciki, kuma a ƙarshen 2017 suka buga cewa sun samu ƙarin irin wannan garkuwa a kan wani furotin mai suna NLGN4Y a jinin iyayen da abin ya shafa. In bayanin nan ya tabbata, a gidanmu na Hausa 'yan ɗaki ɗaya ne za su shiga lissafi, 'yan uba ba ruwansu. Dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je yana kallon autansu da wani ido. In asalin yiwuwar biyu ce cikin ɗari, yaya ɗaya zai kai ta biyu da rabi da ɗan ɗoriya, mai yayye huɗu ma wajen shida ne kawai cikin ɗari, sauran casa'in da huɗun mata suke so. Su kansu masu binciken sun ƙiyasta wannan hanyar ba ta bayyana fiye da kashi 15 zuwa 29 na masu son maza ba, kuma uwa ba ta da iko a kan garkuwar jikinta kamar yadda ba ta da iko a kan rukunin jininta.

A ƙwaƙwalwa kuma, Simon LeVay ya yanka ƙwaƙwalen gawa 41 a 1991 ya ga wani ɗan gungu a can ƙasan ƙwaƙwalwa, INAH3, ya ninka girma fiye da sau biyu a maza masu son mata idan aka kwatanta da masu son maza. An soke shi da cewa mutanen kaɗan ne kuma masu son mazan duk ƙanjamau ne ya kashe su, shi ma da bakinsa ya ce bai tabbatar da cewa haka aka haife su ba. Abin da ya ƙarfafa zancen daga wurin da ba a zata ba ya zo, daga raguna. Makiyaya a Amurka sun daɗe suna kukan sun sayi rago mai tsada don barbara ya ƙi kula tumaki, sai tashar binciken tumaki ta gwamnati da ke jihar Idaho ta shiga lamarin, aka ga wajen raguna 8 cikin 100 ko an kawo musu tunkiya mai neman barbara sai su wuce ta su nufi rago. Charles Roselli na Oregon ya duba ƙwaƙwalensu a 2004 ya samu irin wancan gungun ya fi ƙanƙanta a cikinsu, kuma gungun tun ɗan tayi yana ciki yake ginuwa. Na tambayi wani dattijo da muke sayen ragon layya wurinsa, ya yi shiru ya ce shi dai ya sha ganin ragon da ba ya barbara, sai dai a yi masa kiwo a kai kara. Ban kawo wannan don in ce abin da dabba ta yi ya halatta ga mutum ba, dabba tana yin abubuwa da yawa da ba ma yi. Na kawo shi ne don rago ba ya kallon fim, ba ya riƙe waya, ba a kai shi makarantar kwana ba.

Makarantar kwanan ma a yi mata adalci. Abubuwa suna faruwa a hostel, duk wanda ya yi bodin ya sani, siniya ya danne junia, kuma wannan cin zarafi ne da ya kamata a tsaya a kai da gaske ko da ba ya canza alƙiblar kowa, raunin da yake bari a zuciyar yaro ya isa. Amma babban binciken da aka yi a Birtaniya a farkon shekarun 1990 ya nuna waɗanda suka yi makarantar kwana ta jinsi ɗaya sun fi yawan cewa sun taɓa yi, sai dai a rayuwarsu ta girma ba su fi sauran jama'a ba. Haka wata ƙabila a Papua New Guinea da Gilbert Herdt ya zauna da su, al'adarsu ta tilasta wa duk yara maza irin wannan na shekaru, suna girma kusan dukkansu suka yi aure suka ci gaba da mata. Yaran da aka ci zarafinsu kuwa, ana samun alaƙa a alƙaluma, amma masana da yawa suna ganin mugun yana zaɓen yaron da ya ga ya fita daban ne, mai shiru wanda ba shi da abokai kuma ba zai iya faɗa a gida ba.

Mata lamarinsu ya ɗan bambanta kuma an fi yin sakaci da bincikensu. Lisa Diamond ta jami'ar Utah ta bi mata 79 tsawon shekara 10, wajen biyu cikin uku sun canza sunan da suke kiran kansu da shi aƙalla sau ɗaya, wasu shaƙuwa da mutum ɗaya ce ke jan sha'awarsu. Ita kanta ta nanata cewa sauyin zuwa yake yi musu, ba zama suke su zaɓa ba. Wannan ya sa nake ganin duk wanda ya ɗauki bayanin maza ya ɗora wa maɗigo kai tsaye zai yi kuskure.

Masu cewa abin yana ƙaruwa kuma suna da abin nunawa. Kamfanin Gallup mai jin ra'ayin jama'a ya samu kashi 3.5 na manyan Amurka suna cewa su masu son jinsinsu ne ko jinsi biyun ko masu sauya jinsi a 2012, ya koma 9.3 a 2024, a matasa ma ya wuce ɗaya cikin biyar. Amma in ka buɗe adadin, fiye da rabi masu cewa suna son jinsi biyun ne, yawanci 'yan mata, masu son jinsinsu zalla ba su yi irin wannan tsallen ba. Al'ada da zamani suna da ƙarfi sosai a kan suna da aiki, wa zai faɗa, wa zai gwada, wa zai ɓoye har kabari, wannan ba na musu a kai, amma ƙaramin kason nan da ba su taɓa jin komai game da ɗaya jinsin ba ana samunsu a ko'ina, kuma kalmomin daudu da maɗigo ba da intanet suka shigo bakinmu ba.

Malamanmu na da ma sun san akwai abin da mutum ke zuwa da shi. Imam Nawawi da yake bayani a kan namiji mai ɗabi'ar mata ya kasa shi biyu, wanda haka aka halicce shi bai ƙirƙira ba, ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. A kan tafiya da magana yake bayani, aikin kuwa haramcinsa bai canza a wurinsu ba, amma rarrabewar tana nan, ga kuma hadisin Bukhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa al'umma abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. Dokar ƙasa ma tana nan, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, ga dokokin shari'a a jihohin Arewa 12. A irin wannan yanayi yaron da ya fara jin abin, kuma bincike ya nuna yawanci wajen shekara 10 mutum ke fara jin sha'awa ko wace iri ce, ba shi da wanda zai tunkara, sai ya haɗiye, wasu su shiga ƙwaya wasu su fara tunanin kashe kansu, mu kuma muna ganin shiru-shiru ne kawai.

Saura tambayar da na san ita ce a ƙasan zuciyar Mama, ko yana juyawa. Robert Spitzer, wanda yana cikin waɗanda suka cire abin daga jerin cututtuka, ya buga a 2003 cewa ya yi hira ta waya da mutum 200 da suka ce sun canza, masu aikin juya sha'awar mutane suka yi ta ɗaga takardar, a 2012 ya fito ya janye ya nemi afuwa, ya ce ba shi da hanyar tabbatar da abin da suka faɗa masa. Exodus International, babbar ƙungiyar Kiristoci da ta shafe shekaru kusan 37 tana wannan aiki, shugabanta Alan Chambers ya ce kashi 99.9 na waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta juya ba, suka rufe a 2013. Mutum yana iya kame kansa, yana iya ƙin aikatawa har ya mutu saboda imaninsa, ana yi kuma ba ƙaramin jihadi ba ne, amma duka da ɗaure ƙafa da mari da barin mutum da yunwa ba su taɓa juya zuciyar kowa ba, sai dai su koya masa ƙarya.

Da Mama ta dawo bayan sati biyu na faɗa mata iya abin da zan iya, na ce wanke-wanke bai yi wannan ba, ke ma ba ki yi ba, kuma dan Allah kar a bari a kai shi inda za a ɗaure shi. Ta yi kuka sosai, ta ce tun ranar ba ta yi barcin kirki ba. Sai ta ce babansa ya riga ya yanke shawara, aure za a yi masa bayan babbar sallah da 'yar ƙanwarsa, wai in ya ɗanɗana mace zai manta. Na ce Mama yarinyar fa, an faɗa mata? Ta ce a'a, wa zai faɗa. Na ce shekararta nawa, ta ce 17, bana ta gama sakandare, har an fara saya mata kayan ɗaki.